Harshen Samartaka a Bakin Tsoho: Faifan Ƙarshe na Chuck Berry

Ranar 18 ga watan Oktoba na shekarar 2016, ranar da ya cika shekara 90 a duniya, mawaƙin nan na ƙasar Amurka Chuck Berry ya ba da sanarwar cewa yana da sabon faifai da ke shirin fitowa. Rabonsa da fitar da faifan sabbin waƙoƙi tun shekarar 1979. Ya ce ya sadaukar da aikin ga matarsa Themetta, wadda suke tare tun aurensu a 1948. Allah bai nufa ya ga fitowarsa ba, domin ya rasu ranar 18 ga Maris 2017 a gidansa da ke jihar Misuri. A watan Yuni na wannan shekara faifan ya shiga kasuwa da sunan Chuck, ɗauke da waƙa 10, takwas daga ciki nasa ne na kansa, tsawonsu duka bai kai minti 40 ba.

Masu sharhi sun rabu gida biyu. Wasu sun karɓe shi da ladabin da ake yi wa mamaci, suka yaba ba tare da sun tsaya sauraro da kyau ba. Wasu kuma suka ce babu wani sabon abu a cikinsa, tsoho ne kawai yake kwaikwayon abin da ya yi yana da jini a jika. Dukkan ɓangarorin biyu sun bar tambayar da ta fi dacewa da ɗalibin kimiyyar harshe. Kiɗan rok an rol salon magana ne da aka yanka wa samari da ƴanmata, da kalmominsa da jigoginsa da irin furucinsa. Shin wannan salo yana da abin da zai faɗa wa mutumin da ya kai shekara 90? Amsar da wannan sharhi ya tsaya a kai ita ce yana da shi, kuma faifan Berry ya nuna haka a waƙoƙi uku ko huɗu da ya yarda ya yi magana a cikinsu da muryar tsoho. Sauran waƙoƙin, inda ya koma neman ƙuruciya, sun nuna iyakar salon.

Rigar da aka ɗinka wa yara

Ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, tambayar kanta tana iya zama baƙuwa. A nan furfura ƙarin daraja ce ga mawaƙi. Alhaji Mamman Shata ya yi ta waƙa har cikin tsufansa, kuma babu wanda ya taɓa cewa kalangu ya fi ƙarfin shekarunsa, don da tsohuwar zuma ake magani. Rok an rol ya taso a wani yanayi na daban. Bayan yaƙin duniya na biyu tattalin arzikin Amurka ya bunƙasa, yaran makarantun sakandare suka samu kuɗin kashewa, rediyo ya shiga motoci, ƙananan fayafai masu waƙa ɗaya a kowane gefe suka yi araha. Kamfanonin waƙa suka gano cewa akwai sabuwar kasuwa tsakanin yarinta da aure, kuma ita suka nufa. Saboda haka jigogin suka taƙaita: ƙararrawar tashi daga makaranta, mota mai gudu, rawar daren Asabar, budurwar da ta yi alkawari ta saɓa, iyayen da ba su fahimci komai ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne mutumin da ya fi kowa tsara wannan harshe ba yaro ba ne a lokacin. An haifi Berry a 1926 a birnin Sent Luwis, cikin unguwar baƙar fata masu rufin asiri. Mahaifinsa ɗan kwangilar gini ne kuma dattijon coci, mahaifiyarsa malamar makaranta. Lokacin da ya je Shikago a 1955, inda mawaƙi Muddy Waters ya tura shi wurin Leonard Chess mai kamfanin Chess, yana da shekara 28, da mata da ƴaƴa, ya yi aikin masana'antar mota, ya koyi gyaran gashi, har ya yi zaman gidan horo na kusan shekara uku saboda fashi da ya yi yana matashi. Da ya rubuta School Days a 1957, waƙar da ta bi ɗan makaranta tun daga safiya har tashi, shekarunsa 30. Ashe tun farko aron baki yake yi. Magidanci baƙar fata ne yake tsara yadda yaran fararen fata za su ji kansu, kuma ya yi shi da gangan, da idon ɗan kasuwa da kunnen mawaƙi.

Wannan ya rushe zargin da aka fi yi wa faifan 2017, wato wai abin kunya ne tsoho ya yi waƙar samari. Berry bai taɓa waƙa da bakin shekarunsa ba. Rigar aro ce ya saka tun 1955, kuma ta zauna masa daidai har duniya ta ɗauka tasa ce. Abin jira a gani shi ne ko akwai ranar da zai tuɓe ta.

Maƙerin kalma

Kafin a auna faifan ƙarshe, ya kamata a san ma'aunin da mai shi ya kafa. An fi tuna Berry da jitarsa da tafiyar agwagwar da yake yi a dandamali, amma babban aikinsa a harshe yake. A littafin tarihin rayuwarsa na 1987 ya bayyana yadda yake sauya furuci gwargwadon waƙa da masu sauraro: in zai yi waƙa irin ta Nat King Cole sai ya fitar da kowane baƙi da wasali tsaf, in kuma ta Muddy Waters ce sai ya koma karin harshen baƙar fata na kudu. A waƙoƙinsa na kansa ya zaɓi furuci mai tsabta, wanda farar fata zai ji ba tare da ya nemi tafinta ba. Waƙarsa ta farko, Maybellene, ya gina ta ne a kan wani tsohon kiɗan ƙauyen fararen fata mai suna Ida Red, kuma mutane da yawa da suka ji ta a rediyo sun zaci mai ita Bature ne. Shi da kansa ya ba da labarin wurin da aka gayyace shi wasa, da aka ga launin fatarsa a ƙofa aka sallame shi. Ɗalibin walwalar harshe ya san wannan al'amari: mai magana yana karkata harshensa zuwa ga wanda yake son ya karɓe shi. Bambancin Berry shi ne ya san abin da yake yi, ya kuma mayar da shi sana'a.

A ƙirar kalma ma haka. A Maybellene ya ɗauki kalmar da ke nufin injin mota ya haɗa ta da aikatau mai nufin zaburarwa, ya ƙera sabon aikatau guda da ke ɗauke da tuƙi da ɗoki a lokaci ɗaya. A You Never Can Tell ya yi amfani da wani suna mai ban dariya da ya haɗa kalmar sanyi da wutsiyar sunan firji, wanda duk mai jin Ingilishi zai gane nan take. Yana cusa gaɓoɓi da yawa a layi guda, kowace gaɓa tana faɗawa daidai kan bugun kiɗa, har harshen kansa ya koma kamar ganga. Yana son sunayen garuruwa da na motoci da lambobin waya da farashin kaya, abubuwan da mawaƙan soyayya na zamaninsa suke ganin ba su isa shiga waƙa ba.

Ya kuma iya zagaye, irin na wanda ya san akwai maganar da ba za ta wuce ƙofar gidan rediyo ba. A Brown Eyed Handsome Man ta 1956 ya ambaci launin ido, amma duk baƙar fatar da ya ji ya san launin fata ake nufi. A Johnny B. Goode ta 1958, labarin yaron da jitarsa za ta fitar da shi daga talauci, ya faɗa daga baya cewa da farko kalmar da ke nuna baƙar fata ya saka, sai ya musanya ta da wadda ke nufin ɗan ƙauye don waƙar ta samu shiga. Sunan jarumin ma wasa ne da harshe: a kunne yana fita kamar umarni ga Johnny da ya zama na kirki, a rubuce kuma sunan titin da gidan su Berry yake ne a Sent Luwis. Da ƙungiyar Les Chaussettes Noires ta Eddy Mitchell ta mayar da waƙar Faransanci a 1961, ma'anar kunne kawai ta iya ɗauka, sunan titin ya zube a hanya, kamar yadda aka saba gani a fassarar wasan kalma.

Tasirin wannan harshe ya ƙetare teku. Waƙar farko da Rolling Stones suka fitar a 1963 ta Berry ce, Beatles ma sun rera nasa. A 1983 masanin walwalar harshe Peter Trudgill ya nazarci furucin mawaƙan Ingila na wancan zamani, ya nuna yadda suke aron siffofin furucin Amurka in suna waƙa, siffofin da ba sa amfani da su in suna hira, da yadda aron ya riƙa raguwa a bakin Beatles yayin da suka samu gindin zama. Abin lura ne: Berry yana gyara harshensa ya nufi farar fata, su kuma yaran Ingila suna lanƙwasa nasu su nufi baƙar fatar Amurka. A 1977 aka saka Johnny B. Goode a faifan zinariya da kumbunan Voyager suka tafi da shi sararin sama. A 2012 ƙungiyar marubuta ta PEN reshen New England ta ba shi, tare da Leonard Cohen, kyautarta ta farko ta rubutun waƙa mai darajar adabi. Wannan shi ne mutumin da ya yi shiru shekara 38.

Shiru da hanyoyin dawowa

Shirun na rubutu ne, bai taɓa barin dandamali ba. Ya shafe shekaru yana yawon duniya shi kaɗai da jitarsa, a biya shi kuɗi hannu kafin ya hau, a samo masa makaɗan gari su raka shi ko da bai taɓa ganinsu ba. Wanda aka taɓa cuta yakan yi haka: a Maybellene an rubuta sunayen mutum biyu da ba su tsara ko layi ɗaya ba a matsayin abokan rubutunsa, kuma sai bayan kusan shekara 30 ya ƙwato haƙƙinsa cikakke. A 1989 gobara ta cinye ɗakin ɗaukar sautinsa da ke Wentzville tare da kaset-kaset na ayyukan da bai fitar ba. Daga 1996 zuwa 2014 yana wasa sau ɗaya a wata a gidan Blueberry Hill na Sent Luwis, fiye da sau 200, yana rera waƙoƙin da ya rubuta kafin a haifi yawancin masu kallonsa.

Sauran tsaransa sun bi hanyoyi daban wajen dawowa. Johnny Cash ya miƙa kansa ga Rick Rubin, mai tsara sauti da ya girme wa da shekaru masu yawa, wanda a 1994 ya cire masa duk wani ado ya bar shi daga shi sai jita, daga baya kuma ya ba shi waƙoƙin matasa ya rera su da muryar mai bankwana. Jerry Lee Lewis a 2006 ya tara taurari fiye da 20, kowa ya yi waƙa ɗaya da shi, suka tallafe shi kamar yadda ake tallafar tsoho a hau da shi matakala. Roy Orbison ya gama Mystery Girl da taimakon abokai masu suna, ya rasu a Disamba 1988 kafin fitowarsa. A duk waɗannan akwai hannun wani da ya tsara yadda za a nuna tsohon.

Berry ya ƙi wannan. Shi ya tsara faifansa, a gida, cikin shekaru fiye da 20, da makaɗan da suka saba raka shi a Blueberry Hill, da ɗansa a jita, da ƴarsa Ingrid a murya da busa, har da jikansa. Baƙin da suka shigo, irin su Tom Morello da Gary Clark Jr., kaɗan ne kuma ba su mamaye wuri ba. Wannan taurin kai shi ne tushen rauninsa, shi ne kuma tushen darajarsa. Babu wanda ya ce masa wannan waƙa ka riga ka yi ta sau biyar. Babu kuma wanda ya ɗinka masa rigar tsufa ta kasuwa. Abin da aka ji, mai kyau da marar kyau, zaɓinsa ne.

Abin da ke cikin faifan

Rabin faifan waiwaye ne. Big Boys, wadda aka fara saki kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, ta buɗe da irin kaɗin jitar da duniya ta sani tun 1958, tana ba da labarin yaron da ke son manya su ja shi cikin harkarsu. Tana da daɗin ji, kuma akwai ɗan abin tausayi da ban dariya a ce mai shekara 80 da ɗoriya ne yake tuna ranar da aka ce masa ya yi ƙanƙanta. Amma ba ta ƙara komai a kan abin da ya riga ya gina ba. Wonderful Woman ma haka, tsohon gini ne aka yi wa sabon fenti.

Mafi rauni ita ce Jamaica Moon, wadda sake ɗinkin Havana Moon ce ta 1956. A waccan ya ari bakin wani mutumin tsibiran Karibiyan da ke jiran jirgin ruwan masoyiyarsa, ya ba shi karyayyen Ingilishi, yana saka wakilin sunan karɓau a gurbin na aikau. Bayan shekara 60 ya sauya sunan wurin ya bar harshen yadda yake. A tsakanin waɗannan shekaru masana sun tabbatar da cewa harshen Jamaika yana da nahawunsa mai tsari, mawaƙan tsibirin kuma sun kai shi ko'ina a duniya da bakinsu. Abin da ya wuce a 1956 a matsayin wasa, a 2017 kwaikwayon ba'a ne. Mutumin da ya san zafin a auna shi da furucinsa ya fi kowa cancantar ya gane haka. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, a nan kuwa bai sauya ba.

Sai a sauran rabin abin ya ɗauki wata hanya. Lady B. Goode ta koma ga tsohon labarin Johnny, wanda Berry ya taɓa ci gaba da shi a 1960 ta idon uwar yaron, amma wannan karo ta idon matar da aka bari a gida da goyo yayin da miji ya tafi neman suna. Kiɗan bai sauya ba, mai ba da labarin ne ya matsa gefe ya ga wadda ke tsaye a bayan hoton tun farko. A faifan da aka sadaukar wa matar da ta yi haƙurin shekara 68, ba sai an yi dogon bayani ba.

Darlin' ita ce zuciyar faifan. Uba ne yake magana da ƴarsa, ita kuma tana amsa masa, a kan furfura da saurin wucewar kwanaki da gajiyar doguwar tafiya. Babu mota, babu makaranta, babu wasan kalma. Jimlolin gajeru ne, kalmomin na yau da kullum, kuma a karon farko wakilin suna na mai magana yana nufin Charles Berry da kansa, mai ƴaƴa da jikoki. Wanda ya saba da gudun harshensa zai ji kamar an rage wa mota wuta an buɗe gilashi.

Waƙoƙi biyu na ƙarshe, Dutchman da Eyes of Man, kusan magana ce zalla a kan kiɗa mai tafiyar hawainiya. Ta farko labarin baƙo ne da ya shigo mashaya a wulaƙance, ya ba mazauna wurin labarin ɗaukakar da ya taɓa samu da yadda ta kuɓuce masa. Ta biyu tunani ne a kan yadda gine-ginen maza ke rushewa da kuma darajar mace. Harshensu na karatun waƙa ne irin na da, mai amsa-amo da jerin kalma na littafi, irin wanda aka saba ji a gidan malamar makaranta da dattijon coci a farkon ƙarnin da ya wuce. Da ma yana da wannan ɗabi'a, don faifansa na 1979 ma da karanta waƙa ya rufe shi. Abin sha'awa shi ne da ya tashi yin maganar tsufa, bai samu kalmominta a cikin rok an rol ba, sai ya koma harshen gidan iyayensa ya ɗebo, ya ɗora a kan kiɗan da ya ƙirƙira. Haka salo yake faɗaɗa: mai shi ya kawo masa kaya daga wani ɗaki.

Murya da shekaru

Akwai dalili na jiki a cikin wannan sauyi. Da tsufa tantanin maƙwallato yakan yi siriri ya rage ƙarfi, numfashi ya gajarta, murya ta dishe, ta namiji kuma takan ɗan yi sama. Salon Berry na da, mai gaɓoɓi a cushe, yana cin numfashi da saurin harshe da leɓɓa. Abin da maƙogwaro ya daina iyawa shi ya tura shi ga magana a hankali, maganar kuma ta kai shi inda gudu bai taɓa kai shi ba. Raunin da wasu suka ji a faifan yana cikin abin da ya sa waƙoƙin ƙarshe suka yi nauyi.

Ɗalibi zai iya kwaɗayin ya ɗauki irin wannan faifai a matsayin hujjar yadda harshen mutum guda ke sauyawa a tsawon rayuwa. Tambayar tana da muhimmanci a fagen. Tun aikin William Labov na shekarun 1960 ake kwatanta maganar tsofaffi da ta matasa don a gano sauyin harshe, bisa zaton cewa mutum yana riƙe da furucin ƙuruciyarsa. A shekarar 2000 Jonathan Harrington da abokan aikinsa sun auna wasulan Sarauniya Elizabeth a jawabanta na Kirsimeti na shekarun 1950 da na 1980, suka ga sun matsa zuwa furucin talakawanta masu ƙarancin shekaru. Amfanin waɗancan jawabai shi ne kowanne yana da kwanan wata, kuma iri ɗaya ne. Faifan Berry ba shi da wannan. An ɗauki muryoyin a shekaru mabambanta, an haɗa su a na'ura, kuma waƙa ba hira ba ce, balle a bakin mutumin da ya mayar da sauya furuci sana'a. Abin da faifan ke koyarwa ya fi kusa da nazarin salo: yadda mai magana ke zaɓen murya, da lokacin da yake ajiye wata ya ɗauki wata.

Inda aka yi shiru

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faifan da ya cika da yabon mata ya fito ne daga mutumin da tarihinsa da mata yake da tabo. A ƙarshen 1959 aka kama shi da laifin ƙetare iyakar jiha da yarinya ƴar shekara 14. An soke hukuncin farko saboda kalaman wariyar launin fata da alƙalin ya yi, aka sake shari'a, aka sake samunsa da laifi, ya yi wata 20 a kurkuku daga 1962 zuwa 1963. A 1990 mata da dama sun kai shi ƙara cewa an ɗauki hotunansu a ɓoye a makewayin wani gidan abinci nasa, aka kashe maganar da biyan kuɗi. Wariyar da aka nuna masa gaskiya ce, cutar da ya yi ma gaskiya ce, ɗaya ba ta goge ɗaya.

Masu kare faifan suna cewa Lady B. Goode da Eyes of Man neman gafara ne a fakaice. Wataƙila haka ne ga matarsa. Amma yabon mace a dunƙule abu ne mai sauƙi, ya fi sauƙi a kan ambaton wadda aka cuta. A nan gwanintarsa ta zagaye, wadda ta yi masa rana a gaban ƙofofin da aka rufe masa a 1956, ta zama mafaka. Baƙon da ke cikin Dutchman ya ɗora faɗuwarsa a kan soyayya, kuma mai sauraro yana da damar ya tambaya ko labarin ya cika. Tsohon ya tuɓe rigar aro, amma bai tuɓe ta duka ba. Wanda zai yaba faifan da gaskiya dole ya faɗi wannan tare da yabon.

Kammalawa

Chuck ba ya cikin manyan ayyukan Berry, kuma babu waƙa a cikinsa da za ta kama ƙafar abin da ya yi tsakanin 1955 da 1964. Wanda bai san shi ba, can ya kamata ya fara. Amma kuskure ne a auna faifan dawowa da tambayar ko tsoho ya koma yaro, domin amsarta a fili take kuma ba ta koya wa kowa komai. Ma'aunin da ya dace shi ne ko ya faɗi abin da ba zai iya faɗa ba yana ɗan shekara 30. A Darlin' da Lady B. Goode da waƙoƙin rufewa ya faɗa, ko da bai faɗa duka ba.

Darasin ya wuce rok an rol. Kowane zamani yana da salon maganar da yake ganin nasa ne shi kaɗai, sara ce ko waƙa ko rubutun wayar hannu, kuma masu shi sukan ɗauka ba zai tsufa ba. Zamani riga ne. Masu salon za su yi furfura, su binne iyaye, su aurar da ƴaƴa, sannan a ga ko harshen da suka ƙera yana da kalmomin ta'aziyya da nadama da godiya, ko kuwa sai sun koma gidan iyayensu sun aro. Berry ya rayu har ya kai wannan gaɓa, ya gwada, ya bar sakamakon a faifai. Abin da ya rage ga mai nazarin harshe shi ne ya saurari Johnny B. Goode ta 1958, ya bi ta da Darlin' ta 2017, ya lura da abin da ya faru da tsawon jimla, da saurin gaɓa, da wanda wakilin sunan yake nufi.